Takalmin da Na Yi wa Mati na Ƙofa

Ku ajiye wuƙar nan tukuna ku saurara. Tun safe nake kallonku kuna yanka taya kuna shewa, wai aikin takalmi ai ba aiki ba ne, a yanka, a buga, a miƙa wa mai shi. Har na ji ɗayanku yana cewa cikin sati biyu zai ƙware. To, Allah ya ba da sa'a. Ni Ishaku shekara bakwai na yi a gaban maigidana kafin ya yarda in yanka ƙirgi ni kaɗai, kuma bayan shekara bakwai ɗin ne na yi takalmin da ya ci wa mutum yatsu biyu. Labarinsa zan ba ku, don na gaji da surutunku.

A wani ƙauye kusa da Fakuwa aka haife ni, gidan Maguzawa, zamanin da Di'o, Baturen mulki, ke zuwa rangadi a kan doki. Ubana manomi ne, yana kuma kai fatun awaki Kankia wurin wani baduku da ake kira Baba Sallau. Ni kuwa tun ina ƙarami ba na iya zama wuri ɗaya. In an kai ni gona, kunya biyu zan yi in sulale. Da ubana ya gaji da dukana, sai ya kama hannuna ya kai ni rumfar Baba Sallau, ya ce ko zaman dukanci zai ɗaure ni. Bai ɗaure ni ba, har yau ƙafata rawa take yi in na daɗe a zaune, amma hannuna dai ya koyi haƙuri.

Aikina na farko a rumfar shi ne murza fata. Za a ba ka fatar akuya da ta dawo daga majema, ka shafa mata man gyaɗa, ka ɗora a kan katako ka yi ta gurza ta da wani farin dutse mai santsi har ta yi laushi ta ɗauki sheƙi. Shekara biyu ina wannan, da wasa wuƙa, da tsaga fata siri-siri don ɗinki. Kayan aikin Baba Sallau ba su da yawa: wuƙa mai faɗin baki, basilla uku, gudumar katako, almakashi guda da ya gada wurin ubansa. Amma ka taɓa basillarsa ba izini ka gani. Mutum ne mai faɗa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, kuma bai taɓa cewa aikinka ya yi kyau ba. In ya juya abin da ka ɗinka ya ajiye bai ce komai ba, to ranar ka yi barci da daɗi. Fulani suna zuwa masa don kube da takalmin da zai jure daji, attajiran gyaɗa suna zuwa don takalmin sambatse mai ja da kore, mata kuma suna aiko da layu a rufe musu da fata a rataya wa jarirai.

Ina cikin shekara ta shida wani mai bishara ya fara zuwa ƙauyenmu. Na je don in koyi karatun boko, na ƙare da karɓar baftisma, aka sa mini suna Ishaku. Na zaci Baba Sallau zai kore ni. Bai kore ni ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, Nomau, wa zai ɗinka mani layu?" Nomau ne sunana na gida, kuma shi har ya mutu bai kira ni da wani suna ba. Na ce masa layu kam na bari. Ya ce wannan asarata ce, don rabin abincin baduku a laya yake. Da shekara bakwai ta cika ya sa mini albarka, ya ba ni basilla ɗaya cikin ukun nan, na kafa rumfata a can ƙarshen layin dukawa.

A lokacin ne taya ta shigo. Bayan babban yaƙin Turawa motocin ɗaukar gyaɗa suka yawaita a hanyar Kano zuwa Katsina, tsofaffin tayoyi suka samu. Tsofaffin dukawa suka raina ta, mu matasa muka rungume ta. Ka yanka tafin takalmi daga taya, ka yanka maɗauri, ka buga ƙananan ƙusoshi ka lanƙwasa bakinsu, shi ke nan. Manoma suka so shi don ƙaya ba ta huda shi. A yini ɗaya sai in yi abin da Baba Sallau ke yi a kwana uku, har na fara ganin tsohon ya tsufa da aikinsa. Kamar dai yadda kuke kallona yanzu.

Wata ranar kasuwa da bazara, ana jiran ruwan shuka, wani dogon mutum ya tsaya nesa da rumfata ya ƙi matsowa. Ya naɗe ƙafafunsa da tsummoki. Sunansa Mati, manomi ne daga Ƙofa ta ƙasar Kusada. Kuturta ta kama shi, ya yi shekara huɗu a asibitin kutare na mishan can wajen Katsina, aka yi ta yi masa magani har aka ce cutar ta mutu, aka sallame shi da takarda. Cutar ta mutu, amma ta tafi da jin ƙafafunsa da na yatsun hannunsa. Ƙaya ta soke shi bai sani ba, ƙasa ta ƙona shi da rana bai sani ba, sai dai ya ga jini. Ya bi layin dukawa rumfa-rumfa, kowa ya ce aiki ya yi masa yawa.

"Baduku," ya ce, "an ce mani kai ɗan mishan ne. Takalmi nike so. Damana ta zo, ina da gona, ina da ɗiya huɗu, uwarsu ta koma gidansu tun ina asibiti. In ban shiga gonar nan bana ba, bara ta rage mani, ni kau ban iya ta ba."

Mai lafiya in ya zo, tsayawa yake yi a kan fata ka zagaya ƙafarsa da gawayi, ko ma ya aiko da tsohon takalminsa. Ƙafar Mati ba ta awon gawayi ba ce. Yatsun ta hagu sun lanƙwashe ƙasa, ta dama kuma akwai tabo a diddige, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Dole sai ka riƙe ta a hannu, ka latsa, ka san inda ƙashi ya turo da inda nama ya zaizaye. Na ce ya zauna a kan turmin da baƙi ke zama. Na durƙusa na kwance tsummokin. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in ja da baya. Amma ranar Lahadin da ta wuce an karanta mana a ɗakin sujada yadda Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, kuma ga mutum a gabana yana jira. Ban yi wani dogon tunani ba, na ɗora ƙafar a kan gwiwata. Da na ɗaga kai, layin dukawa duka kowa ya bar aikinsa yana kallo.

Kwana uku na yi a kan takalmin nan. Ba a sa masa hanci, wato maɗaurin nan na tsakanin yatsu, don babu yatsun da za su riƙe, sai na yi maɗauri biyu masu faɗi a sama da ɗaya a bayan diddige. Tafin na taya ne, na shimfiɗa masa fatar akuya mai laushi a kai. Maɗauran na kama su da ƙusa, shida a kowace ƙafa, na lanƙwasa bakinsu na daka da guduma har suka nutse, yadda nake yi wa kowa. Mati ya sa, ya taka, ya je bakin layi ya dawo yana dariya. Ya ce da kaka zai kawo mini gero. Na ce ya riƙe geronsa ya ci da yara.

Kafin kasuwa ta gaba magana ta gama gari. Mai furar da nake saya kullum ta ce kada in ƙara miƙo mata ƙwaryata, in ajiye a ƙasa ta zuba daga sama. Wani Bafulatani da na yi wa kube ya dawo da shi a kan sanda. Aka ce duk fatar da ke rumfata ta taɓa kuturu, wanda ya sa takalmina ya sa cuta. Wasu suka ce Turawan mishan ne ke biyana a ɓoye don in riƙa sayen mutane da takalmi, yau ka ba shi takalmi, gobe ya bar salla. Wasu suka ce neman suna ne kawai, in ba haka ba me ya hana ni kai shi bayan gari in auna shi, sai a tsakiyar kasuwa? Turmin da Mati ya zauna a kai, ba wanda ya sake zama. Na ɗauka a ɗakin sujada zan sami masu goya mini baya, sai ga Dattijo Bawa, babbanmu, ya ja ni gefe bayan addu'a ya ce, "Ishaku, mu nawa ne a ƙasar nan? Da ƙyar aka bar mu muna ɗiban ruwa a rijiya ɗaya da mutane. Alherinka ya yi, amma ka yi shi a hankali, kada ka jawo mana." Wannan ta fi mini ciwo, na tafi ban ko yi masa sallama ba.

Sai Baba Sallau ya zo da kansa. Tun da na kafa rumfa bai taɓa takowa ba. Ya tsaya a rana, bai shigo inuwa ba, ya buɗe baki ya yi mini wankin babban bargo a gaban jama'a. Na zubar da mutuncin sana'a, na sa ana ƙyamar layin dukawa gaba ɗaya, ya yi nadamar basillar da ya ba ni. Har ya juya zai tafi, sai ya waiwayo.

"Kuma an ce mani ƙusa ka buga ma takalmin. Ƙusa, Nomau, a takalmin kuturu! Shekara bakwai jaki na koya ma aiki ashe. Ka aika a karɓo shi tun wuri."

Na ce, "Baba, duk abin da za ku faɗa ku faɗa. Don sunan Almasihu nake shan wannan, kuma ban janye ba."

Ya ce, "Ina ruwan Almasihu da ƙusa?" Ya tafi abinsa.

To, nan ne wurin da nake so ku buɗe kunne. Zagin ya yi mini yawa har na daina rarrabe shi. Na tattara maganar mai fura, da ta Bafulatani, da ta Dattijo Bawa, da ta Baba Sallau, na zuba a buhu ɗaya na ɗaure, na rubuta masa suna tsanani. Kuma in gaya muku gaskiya, abin ya fara yi mini daɗi. Ina tafiya a kasuwa ƙirji a gaba, ina jin ni ne mutumin da ake ƙi don ya yi nagarta. Ranar Lahadi na miƙe a gaban masu bi na ba da shaida, muryata har rawa take yi, na ce an zagi Ubangiji don ya warkar da marasa lafiya, ni wane ne da ba za a zage ni ba? Wasu mata har da hawaye. Matata Ladi ce kaɗai ta ce mini a hanyar gida, "Maganar ƙusar nan fa, ba za ka je Ƙofa ka duba ba?" Na ce ita ma ta koma bayansu ke nan. Tafiyar rabin yini ce kawai daga Kankia, ban je ba.

Ku da kuke buga ƙusa kullum kun san abin da ke faruwa. Taya tana cinyewa, fatar sama tana lotsewa, laimar damina tana shiga, sai bakin ƙusar ya miƙe ya leƙo. Mai lafiya taku ɗaya zai yi ya ce wash, ya cire takalmin ya nemi dutse ya daka. Ciwon nan da kuke tsaki a kansa shi ne mai gadin ƙafa. Mati ba shi da mai gadi. Ya yi noman farko da takalmin, ya shiga maimai da shi, daga safe har la'asar yana taka ƙusa yana ta waƙarsa.

Ana tsakiyar damina, ranar kasuwa, wani mutum mai rawani ya sauka daga jaki a gaban rumfata. Malam Iro ne, wan Mati, mai makarantar allo a Ƙofa. Shi ya gina wa Mati ɗaki a gefen gida, shi yake ciyar da yaran duk shekarun asibiti, amma tun da cutar ta bayyana bai taɓa jikin ƙanen nasa ba, bai taɓa abin da Mati ya taɓa ba. Ya ɗauko wani ƙunshin ganye da bakin sandarsa ya yar a gabana. Takalmin hagu ne. Fatar ciki ta yi baƙi da jini da ruwan miki, ga bakin ƙusa biyu a tsaye.

"Ga alherinka nan, ɗan mishan," ya ce, da ƙarfi don kowa ya ji. "Da tsummansa yana tahiya lahiya lau. Kai ka ga dama ka yi suna da shi. Ƙahwar ta kumbura har gwiwa, jiya aka ɗora shi bisa amalanke aka mai da shi asibiti. Gonar kuma ciyawa ta ci. Wa ya aike ka? Na ce wa ya aike ka?"

Na tsaya ina kallon ƙusoshin nan biyu. Na san su, ni na zaɓe su daga gwangwani, ni na lanƙwasa su.

Wannan ita ce mummunar shekarata. An yanke wa Mati yatsu biyu. Ruwa kuma ya ɗauke da wuri, hatsi bai yi ba ko ga waɗanda suka nome gonarsu sarai, balle tasa. Rumfata ta mutu murus. Da, ana gudunta don ƙyama, yanzu an sami dalili na gaske: ga badukun da takalminsa ke cin ƙafa. In buɗe da safe, in jera kaya, in zauna, in tashi, in zagaya bayan rumfa, in dawo in sake jera abin da na jera. Na wasa wuƙata har ta kusa ƙarewa don kawai hannuna ya sami abin yi. Na ɗauki kaya a kai na bi kasuwannin ƙauye har Kunduru, inda nake zaton ba a san ni ba, ashe labari ya riga ni isa. Ladi ta koma sussuka da daka a gidajen mutane, da shi muka ci. A ɗakin sujada na koma layin baya, in an sunkuya addu'a ni sai ƙafata ta yi ta kaɗawa. Sau biyu na ɗaure kayan aikina zan tafi Kano in yi dako, sau biyu na kwance.

Abin da ya hana ni sukuni ba yunwar ba ce. Mati zai fito asibiti da rani, kuma ƙafar da ta rasa yatsu biyu ta fi ta da bukatar takalmi. Ba wani baduku da zai yi masa. In na janye hannu, an daina zagina, shi kuma ya koma tsumma, tsumma kuma ya kai shi ga rasa ƙafar duka. In na sake yi, da wane ido zan dubi Malam Iro, kuma da wane ilimi, tunda abin da na iya shi ne ya cuce shi?

Ana gama girbi na je gidan Baba Sallau. Na tarar da shi a zaure yana ɗinkin zabira. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗaga kai ba. Na ce, "Baba, na zo a koya mani takalmin da babu ƙarfe a ciki."

"Almasihun bai koya maka ba?"

"Ya aiko ka ka gaya mani, Baba, ni na toshe kunne."

Ya ci gaba da jan zare. Can ya ce har yanzu yana nan a kan bakansa, abin da na yi a kasuwa ganganci ne, kuma shi ba zai taɓa ƙafar kuturu ba ko za a ba shi doki. Sa'an nan ya tura mini guntun taya da ƙafarsa ya ce in ɗauko wuƙa. Ya nuna mini yadda ake tsaga kwari siriri a ƙarƙashin tafin, a huda da basilla a karkace, a ɗinka maɗaurin da tsagin fata maimakon ƙusa, ɗinkin ya kwanta cikin kwarin yadda ƙasa ba za ta ci shi ba. Kowane ƙulli a waje yake zama, ko ɗaya ba ya kwana a ciki. Fatar ciki ninki uku, a cusa audugar rimi tsakaninsu daidai inda ƙashi ya turo. In ka gama, ka rufe ido ka bi ciki da bayan yatsa, don bayan yatsa ya fi tafin hannun baduku ji. Ya ce haka iyayensa suke yi wa tsofaffi masu ciwon ƙafa tun kafin a san taya. Sati uku ina zuwa, yana kwance abin da na ɗinka yana jefo mini.

A zauren nan ne na fahimci abin da ya same ni. Gaskiya ne an zagi Yesu don alherin da ya yi, kuma bai fasa ba. Amma shi babu ƙusa a aikinsa, ni akwai a nawa. Masu zagina goma, tara ba su da gaskiya: takalmi ba ya ɗaukar cuta, ba wanda ya biya ni, kuma Mati har ya koma ga Allah bai bar sallarsa ba, ban kuma taɓa ce masa ya bari ba. Waɗannan taran ba a fasa alheri dominsu. Amma na goman, wanda ya fi su zafin baki, shi ne ya zo da maganar da za ta ceci ƙafar mutum, ni kuwa ina can ina jin daɗin ana tsananta mini. Tun daga lokacin, in aka soki abin kirkin da na yi, ba na fasawa, ba na kuma kumbura. Sai in zauna in laluba maganar da bayan yatsa, ko da wanda ya faɗe ta maƙiyina ne.

Zan gaya muku tun yanzu, Mati ya yi shekaru yana noma bayan wannan, masu ciniki kuma wasu sun dawo, wasu har suka mutu ba su sake taka rumfata ba. Amma ranar da na kai takalmi na biyu ita nake so ku ji.

Da rani na sami labari an sallamo shi. Na je na auna ƙafar a bayan gida, Malam Iro ba ya nan. Bayan kwana goma na koma da takalmin a jaka, na isa Ƙofa da hantsi. Mati yana zaune a gindin wata bedi a ƙofar gida, ya rame. Wannan karon Malam Iro yana nan. Yana hango ni ya sallami karatu ya taso, maƙwabta suka fara taruwa.

"Kai, ba ka da kunya? Sauran yatsun ka zo ɗauka?"

Na ce, "Malam, duk abin da ka faɗa a kasuwa gaskiya ne, ni na cuce shi. Wannan babu ƙarfe a cikinsa."

Mati ya ce, "Yaya, bar shi ya sa mani. Tsumman nan ba su kai ni gona."

"Ba ya sa maka komi sai na duba," in ji Malam Iro. "Kai hannunka ba ya ji, shi kau bakinsa ba abin yarda ba ne. Miƙo nan!"

Ya fizge takalmin daga hannuna. Don ya kama ni da laifi ya yi, kowa ya sani. Ya zura hannu cikin na hagu yana lalube, fuskarsa a murtuke, ya bi gaba, ya bi gefe, ya tsaya. "Mene ne wanga?" Na karɓa na taɓa. Sau uku na bi takalmin nan ido a rufe kafin in baro Kankia, amma ga shi, a ƙarƙashin maɗaurin baya, wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar gero ya juyo ciki. Kunya ta kama ni. Wani daga cikin maƙwabta ya yi dariya. Na zauna a ƙasa a gindin bedin nan na fito da basilla, na kwance ɗinkin, na sake shi, na fitar da ƙullin waje. Malam Iro yana tsaye a kaina har na gama.

Ya sake karɓa ya lalube, ya daɗe yana nema, bai sami komai ba. Na miƙa hannu in karɓa in sa wa Mati, sai ya ture hannuna.

"Kauce. Kai garaje gare ka."

Ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa a gaban ƙanensa. Ya kwance tsumman, ya ɗaga ƙafar nan mai yatsu uku da hannunsa biyu, ya juya ta ya duba tafin, ya share ƙasar da ta maƙale da gefen rigarsa, sa'an nan ya zura ta cikin takalmin a hankali. Mati ya sunkuyar da kai yana kallon hannun wansa a kan ƙafarsa, hawaye na bin gemunsa.

"Yaya," ya ce, "ban ji ba, amma na gani."

"Rufe mani baki," in ji Malam Iro, bai ɗago ba. Ya jawo ɗaya ƙafar ya gwada, ya sa yatsa ƙarƙashin maɗaurin, ya cire takalmin ya miƙo mini ta bayansa. "Kai kuma baduku, wannan ya yi tsauri, zai ci mashi diddige."

Na taɓa, gaskiyarsa ce. Na zauna na sassauta.